Injin Turbo ko Babban Inji Marar Turbo? Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Neman Akori-kura a Kano

A da idan aka ce mota tana da ƙarfi, tambayar da ake yi ita ce silinda nawa gare ta. Mai takwas ta fi mai shida, mai shida ta fi mai huɗu, magana ta ƙare. Yanzu lissafin ya rikice. Kamfanonin mota sun rage girman inji sun ɗaura masa turbo, sai ga mai silinda huɗu tana jan abin da mai shida ke ja a baya. Masu neman akori-kura a Kano, tun daga manomin rani a Kura har ɗan kwangila a cikin gari, tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne. An tattara waɗanda aka fi yi a nan, aka amsa su bisa yadda injin yake aiki da kuma yadda garinmu yake, da zafinsa da ƙurarsa da irin man da muke zuba wa motoci.

Wai mene ne turbo ɗin nan, kuma me yake yi wa inji?

Inji yana samun ƙarfi ne daga ƙona mai, mai kuwa ba ya ƙonewa sai da iska. A injin fetur, kowane kilo ɗaya na mai yana buƙatar iska kimanin kilo 14.7. Ka ga ke nan abin da ke taƙaita ƙarfin inji iska ce, domin mai kam ana iya tuttula masa ko nawa ne. Injin da ba shi da turbo da kansa yake zuƙar iska: fistin ya sauka, silinda ta ɗauki iya abin da cikinta zai ɗauka. Idan ana son ƙarin ƙarfi sai a faɗaɗa silindar ko a ƙara yawansu. Daga nan aka samo injina masu lita 4.0 da 5.0 da 5.7.

Shi turbo aikin zuga-zugin maƙeri yake yi, wato tura iska cikin wuta da ƙarfin tsiya. Farfela biyu ce a kan sandar ƙarfe ɗaya. Hayaƙin da inji ya fitar, kafin ya wuce salansa, shi ke juya farfela ta farko, ita kuma ta juya ta biyu wadda ke danna iska cikin silinda. Iska ta ƙaru, kwamfutar mota ta ƙara mai, ƙaramin inji ya yi aikin babba. Sandar nan tana iya wuce juyi 150,000 a minti ɗaya, hayaƙin da ke dukan ta a injin fetur kuma zafinsa yana haura digiri 900. Abin da ya raba ta da goga ƙarfe ɗan siririn baƙin mai ne kawai. Ka riƙe wannan, domin rabin amsoshin da ke ƙasa a kansa suke.

Ba sabon abu ba ne. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar a 1905. Tirelolin da ke shiga Dawanau suna fita kusan duk da turbo suke tafiya, ba wanda yake tsoronsu.

To me ya sa kamfanoni suke barin manyan injina?

Dokokin rage hayaƙi da rage shan mai ne a Amurka da Turai suka matsa musu. Ford ne ya fara buɗe ƙofa sosai a akori-kura, lokacin da ya sa injin EcoBoost V6, wato mai silinda shida, mai lita 3.5 da turbo biyu a F-150 ƙirar 2011. Chevrolet ya sa mai silinda huɗu, lita 2.7, a Silverado daga 2019, abin da mutane da yawa suka ɗauka wasa ne a babbar mota irin wannan. Toyota ya ajiye V8, wato mai silinda takwas, mai lita 5.7 da ya yi wa Tundra aiki daga 2007 zuwa 2021, ya maye gurbinsa da V6 mai turbo biyu a ƙirar 2022. Tacoma ma ta bar V6 ta koma silinda huɗu, lita 2.4 mai turbo, a 2024.

Amma kasuwa ba ta miƙa wuya gaba ɗaya ba. Ram ya cire injin Hemi V8 mai lita 5.7 daga ƙirar 2025, masu saye suka yi ta ƙorafi, ya dawo da shi a ƙirar 2026. Ford har yau yana sayar da V8 mai lita 5.0 a F-150, kuma a 2020 ya fito da sabon V8 na fetur mai lita 7.3 marar turbo domin manyan motocinsa na aiki. Wato su kansu masu ƙerawa sun san akwai aikin da babban inji ya fi dacewa da shi. Abin lura dai shi ne, duk wannan canjin ba don hanyar Gwarzo ko ta Haɗeja aka yi shi ba. Don cika sharuɗɗan hukumomin ƙasashensu aka yi, mu kuma motocin suke zo mana daga baya.

Wanne ya fi ƙarfi idan an taka totur?

A takarda, mai turbo. F-150 ta 2011 mai EcoBoost tana da ƙarfin doki 365, mai V8 lita 5.0 kuma 360, kusan kunnen doki. Inda bambancin yake shi ne ƙarfin ja, wanda ake aunawa da Nm: mai turbo kimanin 570, mai V8 kimanin 515. Sannan mai turbo tana ba da nata tun inji yana juyi 2,500 a minti, ita kuwa V8 sai ta haura 4,000. Haka Tundra: tsohon V8 kimanin Nm 544 a juyi 3,600, sabon V6 kimanin 650 a juyi 2,400. Ma'ana mai turbo ba sai ta yi kuka ba kafin ta ja kaya.

Abin da babban inji ya fi shi da shi, amsawa nan take. Ka taka, ya tafi. Mai turbo akwai ɗan jinkiri kafin hayaƙi ya tayar da farfela, sannan ƙarfin ya zo gaba ɗaya. A sababbin motoci jinkirin ya ragu ƙwarai, amma wanda ya saba da V8 zai ji shi, musamman wajen fita daga shataletale ko tsallake rami da lodi.

Gaskiya ne turbo ba ya shan mai?

Gaskiya ne da sharaɗi, kuma sharaɗin ne dillalai ba sa faɗa.

Idan motar ba kaya, kana tafiya a hankali a titi mai kyau, turbo kusan barci yake yi, injin kuma ƙarami ne, shi ya sa yake shan mai kaɗan. A awon hukumar kare muhalli ta Amurka, Tundra ta 2021 mai V8 tana yin mil 15 da galan ɗaya, wato kimanin kilomita 6.4 da lita guda. Ta 2022 mai turbo tana yin mil 20, kimanin kilomita 8.5 da lita. Wannan rata ce mai kyau, ko da yake ba turbo kaɗai ya kawo ta ba, har da sabuwar giya mai hawa 10 da ta maye gurbin mai hawa 6. A F-150 ta 2011 kuwa ratar da ke tsakanin EcoBoost da V8 mil ɗaya ce kacal a galan.

Da zarar ka ɗora buhuna ko ka ɗaura tirela a baya, labari ya canza. Ƙarfin doki 300 yana buƙatar man doki 300, ko daga ƙaramin inji ya fito ko daga babba. Har ma injin fetur mai turbo, idan aka matsa masa, kwamfuta tana ƙara masa mai fiye da wanda zai ƙone, don kawai ta sanyaya silinda da turbo kada su lalace. A wannan halin yana iya shan daidai da V8, wani lokacin ya fi. Saboda haka wanda kullum motarsa a cike take da shinkafa daga Bunkure, kada ya sa rai da tsimin da aka rubuta a takarda. Wanda yawancin tafiyarsa daga gida zuwa ofis ne ko Kano zuwa Kaduna ba kaya, shi zai ga bambanci a aljihunsa.

A cunkoson Kantin Kwari ko na Singa kuwa, da na'urar sanyi a kunne, kowane inji sha yake yi, sai dai babban ya ɗan fi.

Mu nan Hilux muka fi sani. Ta fetur ko ta dizal mai turbo?

Wannan ita ce ainihin tambayar mutanen Kano, domin Tundra da F-150 ba su kai Hilux yawa a titunanmu ba ko kusa. Hilux ɗin da ta fi yawa a hannun ma'aikatu da kamfanoni ita ce mai injin fetur lita 2.7, silinda huɗu, ba turbo. Ƙarfin dokinta kimanin 164, ƙarfin ja Nm 245. Ba ta da zafin nama, da lodi tana nishi, kuma ba za a kira ta mai tsimin mai ba. Amma injin ba shi da rigima, kowane bakanike ya san cikinsa, kuma yana yafe sakaci da yawa. Akwai kuma mai V6 lita 4.0, wadda ta fi ƙarfi ta kuma fi sha.

A ɓangaren dizal, gardamar turbo ta riga ta mutu. Injin dizal marar turbo, irin 5L mai lita 3.0 na tsofaffin Hilux, ƙarfin dokinsa bai kai 100 ba. Mai lita 4.2 na Land Cruiser akori-kura, wanda ake kira 1HZ kuma ake ƙera shi tun 1990, kimanin doki 130 ne duk da girmansa. Su biyun ba sa mutuwa da wuri, amma ba sa sauri. Sabon mai lita 2.8 da turbo, wanda ya fito a 2015 aka ƙara masa ƙarfi a 2020, yana ba da doki sama da 200 da Nm 500 a mai giyar otomatik. Ninki biyu ke nan na ƙarfin jan mai fetur 2.7, kuma da ƙarancin shan mai. Dizal da turbo sun dace da juna tun asali, domin injin dizal an gina shi da kauri don ɗaukar matsi, hayaƙinsa kuma bai kai na fetur zafi ba.

Dalilin da ya sa 'yan Najeriya suka daɗe suna gudun ta dizal ba injin ba ne, farashi ne. Shekara da shekaru fetur yana da tallafi, dizal ba shi da shi. Tun da aka cire tallafin a ranar 29 ga Mayu 2023 ratar ta ragu, lissafin mai doguwar tafiya da kaya ya fara karkata wajen dizal. Raunin sabuwar dizal ba a turbo yake ba, a nozul da famfon mai yake, kuma za a zo kansa.

Zafin Kano ba ya kashe turbo?

Zafi kaɗai ba ya kashe shi. A Afrilu da Mayu muna haura digiri 40, amma ƙasashen Larabawa na yankin Gulf sun fi mu zafi kuma motocin turbo cike suke da titunansu. Abin da zafi yake yi shi ne rage ƙarfi. Iskar da turbo ya matse tana ɗaukar zafi, shi ya sa ake bi da ita ta wani ƙaramin lagireto na iska a gaban mota kafin ta shiga inji. Idan rana ta take, lagireton nan ba ya sanyayawa yadda ya kamata, sai kwamfuta ta ja da baya don kare injin. Za ka ji motar ta fi kuzari da asuba fiye da ƙarfe biyu na rana.

Abin da ke kashewa shi ne al'adun garejinmu: cire tamostat da sunan wai don ƙasar sanyi aka yi shi, zuba ruwan rijiya ko na leda a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji, da barin laka da ƙaiƙayi su toshe gaban lagireto. Tsohon inji marar turbo yakan jure wannan na ɗan lokaci. Mai turbo yana tara zafi mai yawa a ƙaramin wuri, idan ya ɗau zafi sau ɗaya da gaske, gaskit ya tafi.

Ƙurar hunturu fa?

Nan ne ya kamata mai turbo ya fi tsoro. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar da muke shaƙa cike take da lallausan yashi, mai shiga ƙauye kuma duk shekara a cikin ƙura yake. Farfelar da ke juyi dubu ɗari da wani abu a minti, idan yashi yana dukan ta, bakinta yana cinyewa a hankali har ta rasa daidaito, daga nan sai kuka, sai zubar mai.

Ka tsaya ka kalli yadda ake yi wa filtar iska a yawancin wuraren sabis. Yaro ya ciro ta, ya buga ta a jikin taya, ya kai wa mai faci ya hura ta da iskar kwamfuresa, ƙura ta tashi fari fat, ya mayar. A ido ta yi tsabta. Amma iskar mai ƙarfi tana yaga takardar da ƙananan huji waɗanda sai ka ɗaga ta a rana za ka gani. Sau da yawa kuma murfin akwatin ba ya komawa daidai, ko maƙalli ɗaya ya karye an ɗaure da waya. Ka buɗe akwatin da kanka, ka shafa yatsa a cikin bututun da ke bayan filta. Idan yatsanka ya fito da ƙura, injinka yana cin ƙasa. Filta sabuwa mai kyau ba ta kai kuɗin cika tanki sau ɗaya ba, a canza ta kawai.

Wane baƙin mai zan zuba, kuma bayan tafiyar nawa zan yi juye?

Wanda littafin motar ya ce, da kaurin da ya ce. Akwai masu ganin mai kauri irin 20W-50 shi ne maganin ƙasar zafi. A tsohuwar Fijo haka ne. A sabon injin turbo hanyoyin man sirara ne, mai kauri yana jinkirin isa turbo da safe, kuma a wannan 'yan daƙiƙun ne ƙarfe ke cin ƙarfe. Injin fetur mai turbo da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda yana da wata cuta ta musamman, inda mai ke kamawa da wuta kafin fulogi ya kunna shi lokacin da inji ke juyi a hankali da nauyi, har ya iya fasa fistin. Don maganin wannan aka fito da ma'aunin ingancin baƙin mai na API SN Plus a 2018 da API SP a 2020. Ka duba jikin galan ka ga ɗaya daga cikinsu.

Kamfanoni suna rubuta tazarar kilomita 10,000 ko fiye, amma suna da jadawali na biyu don ƙura da zafi da lodi da cunkoso, kuma Kano ta haɗa duka huɗun. Shawarata kilomita 5,000, da sabuwar filta kowane juye. Sannan a kula da jabu. Baƙin man da aka sake ɗurawa a tsohon galan yana yawo a kasuwa. Ka saya wajen dila da aka sani, a buɗe hatimin a gabanka, idan an gama ka huda galan ɗin.

Dole ne in bar motar tana aiki kafin in kashe?

Idan daga cikin gari ka dawo a hankali, ba dole ba ne. Idan ka sha gudu daga Zariya ko ka hau tudu da kaya, ka ba ta minti ɗaya ko biyu. Kashewa nan take yana tsayar da zagayawar mai alhali turbo yana da tsananin zafi, man da ya rage a ciki ya soye ya zama gawayi. Da safe ma kada a tayar a hau bal-bal da totur.

Man gidajen manmu ya dace da waɗannan injinan?

Fetur ɗinmu a ƙa'ida okten 91 ne, wato ma'aunin yadda mai ke jure matsi ba tare da ya sa inji ƙwanƙwasa ba, kuma ya yi kusan daidai da abin da Amurkawa ke kira 87 a nasu ma'aunin. F-150 mai EcoBoost da sabuwar Tundra duk an yi su su iya shan wannan. Matsalar tana zuwa ne idan man bai kai yadda aka ce ba, ko an gauraya shi, kamar yadda ake samu a galan ɗin 'yan bumburutu lokacin wahalar mai. Injin turbo yana aiki kusa da iyakarsa, man banza yana sa shi ƙwanƙwasa. Babban inji marar turbo yana da sarari, zai yi tari ya wuce.

A dizal abin ya fi tsanani. Sababbin injina suna fesa mai da matsin da ya kai bar 2,000, alhali iskar tayar mota ba ta wuce bar 2 zuwa 3 ba. Ɗigon ruwa ko dizal ɗin da aka haɗa da kananzir ya isa ya lalata nozul da famfo, kuɗinsu kuma ya fi na turbo. Akwai kuma sinadarin sulfa. Turai ta ƙayyade shi a kashi 10 cikin miliyan, Amurka 15, mu kuwa mun daɗe muna karɓar mai ɗauke da dubbai kafin a fara tsaurarawa. Matatar Ɗangote ta fara fitar da dizal a 2024, amma abin da ke faruwa tsakanin defo da tankinka wani zance ne daban. Motar dizal da aka ƙera don Turai tana da matatar hayaƙi da ke toshewa da irin wannan man da kuma gajerun tafiye-tafiye. Idan za ka sayi ta dizal, nemi wadda aka ƙera don Afirka ko ƙasashen Larabawa, ka riƙe gidan mai ɗaya mai yawan ciniki, ka riƙa zubar da ruwan da filtar dizal ke tarawa.

Wanne ya fi daɗewa?

Idan kulawa ɗaya ce kuma mai kyau, dukkansu suna kai kilomita ɗaruruwan dubbai. Idan kulawar irin ta "Allah ya kiyaye" ce, babban inji marar turbo ne zai rayu. Kayan cikinsa sun fi kaɗan, kuma ba ya aiki da dukan ƙarfinsa. A 2016 an samu wata Tundra ƙirar 2007 mai V8 lita 4.7 a jihar Luwiziyana da ta cika mil miliyan ɗaya da injinta na asali, har Toyota ya karɓe ta ya ba mai ita sabuwa.

Sai dai kada a ɗauka girman inji kariya ne. A 2024 Toyota ya nemi a dawo masa da kimanin motoci 102,000 don gyara, Tundra da Lexus LX ƙirar 2022 da 2023, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a cikin injin tun daga masana'anta, wanda ke iya sa inji ya buga. Masu ƙin turbo suka yi ta murna, alhali laifin na wanke inji ne, ba na turbo ba. A 2025 kuma General Motors ya nemi a dawo masa da kusan motoci 600,000 a Amurka masu V8 lita 6.2 marar turbo, su ma saboda injin yana bugawa. Duk wanda zai sayi ɗaya daga cikin waɗannan 'yar Kwatano ko ta gwanjon Amurka, ya bincika lambar shasi ya ga ko an yi mata gyaran.

Ina ɗaukar hatsi daga Dawanau, wani lokacin har Jos. Wanne ya fi?

Dizal mai turbo, Alhaji, ba tantama. Ƙarfin ja a ƙaramin juyi shi ne abin da lodi ke so. Sannan akwai maganar tudu. Inji marar turbo yana rasa kimanin kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 100, saboda iska tana ƙara sirancewa. Kano tana kan mita 480 ko kusa da haka daga matakin teku, Jos kimanin 1,200, tsaunin Mambila ya fi haka. Turbo yana cike yawancin wannan giɓin ta hanyar ƙara juyi.

Amma a yi gaskiya: Hilux tan ɗaya ko kusa da haka aka yi ta ta ɗauka, buhu goma ke nan masu kilo 100. Wanda ke ɗora ashirin, ƙarfin turbo zai ruɗe shi ya ga motar tana tafiya, alhali kuloci da burki da sifirin da shasi ne ke biyan bashin.

Idan turbo ya lalace, ana gyara shi a Kano? Ko a cire shi kawai?

Ba a cirewa. An tsara matsin silinda da kwamfuta da nozul duk da lissafin turbo, idan aka cire sai a samu mota mai hayaƙi marar ƙarfi. Ana samun turbo na Hilux a Ƙofar Ruwa, sabo da na Beljiyam, akwai kuma masu canza cikinsa kawai. Na motocin Amurka ya fi wuya, sau da yawa sai an aiko daga Ladipo a Legas ko daga waje, kuma ka tuna V6 ɗin nan turbo biyu gare su.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaura sabo ba tare da gano abin da ya kashe tsohon ba. Idan bututun da ke kai masa mai ya toshe da gawayi, ko ƙura tana shiga, sabon ma ba zai yi wata uku ba. Bakaniken da ya dace da irin wannan motar shi ne mai na'urar karanta kwamfuta wanda ya iya fassara abin da ta nuna, ba mai goge fitilar gargaɗi ya ce an gama ba.

Me zan duba kafin in sayi ta hannu mai turbo?

Ka je da sassafe, ka taɓa injin ka tabbatar da sanyi yake, domin mai sayarwa yakan ɗumama mota kafin ka iso. A tayar a gabanka. Ƙarar kacau-kacau na 'yan daƙiƙu a farkon tashi alama ce ta sarƙar tayimin ko kayan da ke tare da ita, abin da aka san tsofaffin EcoBoost 3.5 da shi. Hayaƙi shuɗi mai ne ke ƙonewa. Baƙi a dizal, mai ya fi iska yawa, wataƙila bututu ya fashe ko nozul ya gaji. Fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya yi ɗumi, ruwa ne ke shiga.

Ka sa bakanikenka ya kwance bututun da ke shiga turbo. Ɗan damshin mai ba komai ba ne, amma idan ya taru har yana ɗiga, akwai magana. Ya kama sandar farfelar da yatsa biyu ya girgiza: ɗan motsi gefe da gefe ana yarda da shi, amma kada ta yi gaba da baya, kada kuma ta taɓa jikin gidanta. Ka buɗe murfin baƙin mai ka leƙa da tocila, idan ka ga baƙin dasƙararren abu kamar kwalta, ka mayar da makulli. Daga nan a fita Eastern Bypass a taka ta sosai. Siririn fito daidai ne, kuka irin na jiniya ba daidai ba ne.

Ina so in mayar da ita mai amfani da iskar gas ta CNG. Wanne ya fi sauƙi?

Injin fetur marar turbo mai fesa mai a bakin silinda, irin Hilux 2.7 da 4.0 da tsohuwar Tundra 5.7. Kayan juyawarsu sun fi samuwa, aikin ya fi sauƙi. Mai fesawa kai tsaye cikin silinda yana buƙatar kaya na musamman masu tsada, kuma yawanci sai ya ci gaba da shan ɗan fetur don kada nozul su ƙone. Za ka rasa ɗan ƙarfi a kan gas, tukunyar kuma za ta ci wani ɓangare na bayan motar.

Ina da gonar shinkafa a Kadawa, direba ne zai riƙa tuƙa motar, ni ba na bin ta. Wacce zan saya?

Hajiya, abin da kika faɗa na ƙarshe shi ya yanke hukunci. Motar da mai ita ba ya ganin lokacin da aka yi mata juye, ba ya sanin inda aka sha mai, kuma bakaniken kan hanya ne zai taɓa ta idan ta tsaya, gara ta zama mai injin da ke yafiya. Hilux mai fetur 2.7 za ta fi sha, za ta yi nawa da lodi, amma za ta riƙa dawowa gida, kuma ranar da kika tashi sayarwa ba za ki rasa mai saye ba.

Idan kuwa lodin yana da yawa kuma tafiyar tana da nisa har kuɗin mai ya zama shi ne babban kashin kuɗinki, ki ɗauki dizal mai turbo, amma ki ɗaure ta da sharuɗɗa uku: gidan mai ɗaya da za ki riƙa biya da kanki, gareji ɗaya da zai riƙa rubuta kilomita a duk sabis, sannan baƙin mai da filta ke za ki saya ki bayar, a dawo miki da tsohuwar filtar da galan ɗin da aka huda.